Abin da Ya Kashe Motar Gawa

Motar gawar unguwarmu ta mutu ranar wata Talata da hantsi, da gawa a cikinta. Mun tsallake titin jirgin Agege ke nan, jama'a na biye da ƙafa, 'yan danfo, motocin hayar Legas, sun cika mana kunne da ham, sai ta yi atishawa sau biyu ta tsaya cak. Baba Mato direbanta ya murɗa makulli har sau biyar, injin ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa. Dole muka sauko da makara muka saɓa a kafaɗa kamar yadda ake yi a gida, muka ratsa kasuwa da ita har maƙabarta. Ni ne ladanin masallacin unguwar, sunana Ridwanu, ina kuma cikin waɗanda suka ɗauka, don haka kafaɗata ma shaida ce.

Da gawar wani ce daban, da an yi ƙananan maganganu kwana biyu an manta. Amma ta yayan Alhaji Mu'azu ce, dillalin goro, shugaban kwamitin masallaci. Shi ne wanda ya riga kowa a layinmu sayen wayar salula a shekarar nan ta 2001, kuma in zai yi magana sai ya ɗaga ta sama ko da babu kowa a layi. Mutumin kirki ne, ban hana shi ba, sai dai in ransa ya ɓaci ba ya samun barci sai ya sami wanda zai ɗora wa.

Motar wata tsohuwar farar bas ce da wani bawan Allah ya ba masallaci sadaka tun zamanin soja, shekara takwas kafin wannan rana. Aka cire kujerun baya, aka rubuta kalmar shahada a jikinta da koren fenti. Da aka rasa mai tuƙa ta, don kowa na jin tsoro, sai Mato ya ce shi zai yi saboda Allah. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan tankar mai daga Apapa zuwa arewa kafin bayansa ya ce ya gaji. Tun daga ranar motar take kwana a ƙofar gidansa. Kullum bayan asuba sai ya goge ta, ya duba baƙin mai, ya tashe ta minti biyar ta ji ɗumi, ya kashe. In an yi rasuwa ya kai gawa da tafiyar hawainiya, don kada ya bar tsofaffi a baya.

Kafin sadakar uku magana ta gama unguwa. Wai mota mai zuwa maƙabarta kawai, kilomita uku tafiya uku dawowa, me zai kashe mata inji? Wai wani ɗan okada ya ce wani ya ga farar bas irinta a kasuwar Mile 12 tana lodin kwanduna. Ban san farar bas nawa ce a Legas ba, amma babu wanda ya tsaya ƙirgawa. Abin da ya ƙara wa zancen gishiri shi ne Adama matar Mato tana da teburin tumatir da tattasai a ƙofar gida. Da aka ce a duba mitar motar, ai ba ta nuna tafiya mai yawa ba, sai Alhaji ya yi dariya ya ce, “Tsohon direban tanka za a koya wa zare wayar mita?”

Kwamiti ya zauna ya yanke cewa ranar Juma'a bayan salla za a karɓi makulli daga hannun Mato a gaban jama'a, don ya zama darasi. Ina wurin, kuma ban ce uffan ba. Mato abokina ne, tare muke cin goro a dakalin masallaci shekara da shekaru, amma sai na ji zuciyata na cewa ai ruwa ba ya tsami banza. Wannan shirun nawa har yau in na tuna shi kunya nake ji.

Da labari ya kai wa Mato bai yi rantsuwa ba, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, “To, Allah ya sani.” Ya daina zama a dakali. In an sallame salla sai ya ɗauki takalmansa ya fita ta ƙofar baya.

Ranar Laraba ta mako na biyu Adama ta tare ni a bakin famfo, ko gaisuwar kirki ba ta bari mun gama ba.

“Malam Ladan, ashe bakin nan naka na lasifika ne kawai?”

Na ce, “Subhanallahi, Adama, me ya yi zafi?”

“Malam, maigidana, ya ce in ɗaure kaya. Ya ce in aka karɓi makullin nan a gaban mutane, ranar Asabar za mu bi motar goro mu koma gida, ba zai zauna inda ake nuna shi da baki ba. Shekara talatin da ɗaya muna garin nan. 'Yarmu ɗaya tilo, Saratu, tana aure a Alaba Rago. Wane gida za mu koma, wa muka sani can? Kai kana ganina kullum da asuba ina sauka daga danfo da kwando a ka. Da motar nan na zuwa Mile 12, wuyana zai kasance haka?”

Gaskiya ina ganinta. In na fito daga masallaci takan wuce ni da kwandon, ta raɓa motar da ke ajiye ta shiga gida. Na gani da idona sau ba adadi, amma da aka zo da jita-jita sai na ajiye idon na ɗauki kunne.

Da yamma na sami Alhaji a rumfarsa na ce, tunda za a yi hukunci a gaban jama'a, a fara buɗe injin tukuna, gani ya kori ji. Ya ɗaga wayarsa ya ce ya yarda, shi ma yana so a nuna wa Mato ɓarnarsa ƙarfe da ƙarfe.

Washegari Alhamis da safe muka tura motar zuwa garejin Habibou. Mutumin Maraɗi ne, ya fi shekara ashirin a Legas amma bakinsa bai bar gida ba, har da ɗan Faransancinsu. Shi ya gyara injin lokacin da aka kawo motar, ya sa mata sababbin fistin da ringi da hannunsa, kuma tun ranar bai sake ganin cikinta ba. Da ya hango mu sai ya ce a kai ta can ƙarƙashin mangwaro, nesa da motocin mutane, don akwai masu mota da ba sa son a jera tasu da ita. Mato ya zauna a kan wata tsohuwar taya can gefe, Alhaji kuma aka kawo masa benci.

Habibou bai taɓa sifana ba sai da ya tsuguna gaban Mato.

“Baba Mato, kahin ta mutu, mi take yi?”

Mato ya ce, “Da safe in na tashe ta takan yi ƙara, kamar tsakuwa a gwangwani. In ta ɗan jima sai ta yi shiru. Ta kai wata biyar tana haka. Kwanan nan kuma ƙarfinta ya ragu, ko ɗan tudun kasuwa sai na ba ta giya ɗaya.”

“Ka hwaɗa ma wani?”

Mato ya ɗago ya dube ni. Ni ya faɗa wa, a dakali, tun kafin azumi. Abin da na ce masa kuwa shi ne, “Tsufa ne, ni ma gwiwata haka take yi da safe.” Na sunkuyar da kai na shiga gyaran hular da ba ta karkace ba.

Injin irin waɗannan motoci a ƙarƙashin kujerar gaba yake. Habibou ya ɗage kujerar, ya zare fulogi ɗaya ya kara a jikin ƙarfe, ya ce a murɗa makulli. Wuta ta yi tartsatsi. Ya shinshina kafireto ya ce mai na zuwa. “Bon,” in ji shi, “ga wuta, ga mai, amma ba ta kamawa. Ke nan ba su gamuwa bisa lokaci.” Ya sa babbar sifana ya juya injin da hannu a hankali, har wata 'yar alama da ke jikin fulen ƙasa ta zo daidai da wani tsini. Sannan ya buɗe murfin distiributa, wato abin da ke raba wa fulogai wuta, ya kira ni.

“Malam Ladan, kai aka aiko shaida, matso. In alamar ƙasa ta zo nan, wanga ɗan yatsa ya kamata shi nuna fulogi na ɗaya. Ina yake nunawa?”

Na ce, “Ya kauce.”

“Wala. Inji hawa biyu ne. Ƙasa fistin na hawa da sauka, sama kuma akwai sanda mai ƙusumbi, kamshaf, ita ke buɗe ƙofofin iska da mai tana ruhewa. Abin da ke haɗa su sarƙa ce, tayimin cen. In sarƙa ta tsallake haƙori, to liman ya yi ruku'u mamu na sujada.”

Wannan na gane shi sarai. Ya kwance murfin sama, da ya ɗaga sai wani wari ya bugo mu. Ban taɓa ganin cikin inji ba, amma ko ni na san ba haka ya kamata ya kasance ba. Ko'ina ya toshe da wani baƙin abu mai kauri kamar kwalta, a jikin murfin kuma ga wani farin kumfa mai yauƙi. Habibou ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga sarƙar, ta taso daga kan haƙoranta ba gardama.

“Haƙori biyu ta tsallake,” ya ce. “Akwai ɗan ƙarhe da ke tokare ta don ta yi tsauri, ƙarhin baƙin mai ke tura shi. Mai bai isa gare shi ba, sai ya maƙale, sarƙa ta saki tana dukan bango. Ita ce tsakuwar da Baba ke ji.”

Ya goge sandar kamshaf da tsumma. Ƙusumbinta takwas, shida suna nan da tsininsu, biyun can ƙarshe sun cinye sun zama kamar ƙwai. Ya karyi tsinken tsintsiya ya zura a wata 'yar ƙofa da mai ke fitowa, tsinken ya ƙi shiga.

Alhaji ya miƙe daga benci. “To, kun gani! Ƙarfe ya cinye. Zuwa maƙabarta ne zai cinye ƙarfe haka? Wannan ai aikin lodi ne.”

Na saci kallon Mato, yana zaune yana kallon ƙasa tsakanin ƙafafunsa.

Habibou ya ce, “Alhaji, haƙuri. Likita bai gama ba, kar a kira masu wanka.”

Sai da ya shafe fiye da awa yana kwance kan injin gaba ɗaya. Rana ta take, Alhaji ya fita ya dawo sau biyu yana neman inda wayarsa za ta kama. Da aka ɗauke kan, sai ga ramuka huɗu a jere inda fistin ke kai da kawowa. Habibou ya leƙa ya daɗe, ya duba bawul ɗaya bayan ɗaya ya ce Allah ya taimaka babu wanda ya lanƙwashe. Daga nan ya kama hannun Alhaji, da farar rigarsa da komai, ya ce ya sa farce a bakin ramin ya ja sama.

“Ka ji gargada?”

Alhaji ya ce, “Ban ji ba, sumul yake.”

“To je ka taɓa wancan.” Ya nuna wani injin danfo da ke kwance a buɗe. Alhaji ya sa farce, farcen ya maƙale a wani ɗan tudu.

“Wancan shekara biyu ya yi yana Oshodi yana dawowa. Ringi in ya yi tahiya sai ya ci bango, ya bar matakala a sama. Ana zare wayar mita, Alhaji, ni ma na iya, amma ba a zare wagga. Dubi nan kuma, ka ga zane-zanen ga masu gicciye? Ni na yi su da dutsen gurza ranar da na haɗa injin ga. Motar da ke lodin Mile 12, wata shida ba ta yi sun goge. Wanga inji ko angwanci bai gama ba.”

Alhaji ya ce, “To me ya cinye saman?”

Habibou ya shige ƙarƙashin motar ya fito da filtar mai. Ya goge gindinta, ya tsaya yana kallo, sai na ga ya dafe kai. Da ƙusa aka karce 93 a jiki, wato shekarar da aka ɗaura ta, kuma rubutunsa ne.

“Baba Mato, yaushe rabonka da bidanji? Juyen baƙin mai nake nuhi.”

Mato ya ce, “Ba a yi ba tukuna. Kai ka ce mini duk kilomita dubu biyar. Saura ɗari uku da goma ta cika. In ya ragu dai ina ƙarawa, ban taɓa barinsa ya sauka ƙasa da alama ba.”

Sai Habibou ya fashe da wata irin dariya wadda ba ta jin daɗi ba.

“Wallahi ni na hwaɗa, kuma laihina ne. Ban ce ko wata shida ba, wanda duk ya riga zuwa. Wa ke tunanin wata a Legas? Danfo sati ukku take cinye dubu biyar. Shi kuma Baba mutumin tanka ne, zuwa Maiduguri biyu an yi juye. Daga ni har shi ba wanda ya taɓa riƙon motar da ba ta zuwa ko'ina. Mai guda shekara takwas! Kuma ba ta taɓa yin zahin da zai ƙone raɓar da ke taruwa ciki ba, minti biyar da sahe, kilomita ukku da tahiyar ƙahwa. Ruwa ya gamu da tsohon mai ya zama kunu, kunu ya toshe hanya, sama ya bushe. Alhaji, zama ya kashe motar ga. Da ya sace ta yana zuwa Mile 12 ko sau ɗaya a sati, da yanzu lahiyarta lau.”

Na ji kamar an sauke mini buhun gero. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har masu gyara a can gefe suka waiwayo. Mato kuwa bai motsa ba. Can ya ce, a hankali, “Ke nan dai ni na kashe ta.”

Habibou ya ce, “Ba ta mutu ba, Baba, suma ta yi. Ƙasa garau yake. Sarƙa, da ɗan tokarenta, da kamshaf na tokumbo, wato na hannu, in wanke hanyoyin mai, kwana huɗu ka ji ta tana waƙa.”

Alhaji Mu'azu ya daɗe yana kallon baƙin man da ya ɓata masa hannun riga. Na faɗa muku mutumin kirki ne in fushi ya sake shi. Ya sa wayar a aljihu, ya taka har gaban tayar da Mato ke zaune, ya durƙusa a cikin ƙasar gareji.

“Baba Mato, na zalunce ka. Zafin rasuwa ne ya rufe mini ido, amma wannan ba hujja ba ce. Ka yafe mini don Allah.”

Mato ya ce, “Tashi, Alhaji, rigarka. Na yafe duniya da lahira.”

Ni ban durƙusa ba, nawa bashin na baki ne, da baki kuma na biya. Ranar Juma'a bayan an sallame na karɓi lasifikar da nake sanar da rasuwa da ita. Da mutane suka ji na yi gyaran murya sai kowa ya tsaya da takalmi a hannu, ana jiran a ji wa ya tafi. Na ce babu wanda ya rasu. Na ce an buɗe injin motar jana'iza a gabana da gaban shugaban kwamiti, an tarar Malam Mato bai taɓa kai ta inda ba a aike shi ba, kuma duk wanda ya ce wani abu, ko ya ji ya yi shiru irina, ya san inda gidansa yake. Ranar har magariba ƙofar gidan ba ta rabu da takalma ba.

Habibou ya gama aiki ranar Litinin, ya kuma kafa sharaɗi: juye duk wata shida, sannan kowane mako a hau babban titi da ita a yi tafiya mai nisa har ta yi zafi sosai. Alhaji, da yake yana neman hanyar gyara ɓarnarsa, ya ce to ai shi ke nan, Mato ya riƙa kai Adama Mile 12 ta yi sarinta, kwamiti ya yarda.

Adama ta riƙe haɓa ta ce, “Alhaji, wa zai sayi tumatirin motar gawa? Ko kyauta na bayar ba mai karɓa. Da kun tambayi mace ɗaya tun farko, da ba a kai ga kwance inji ba.”

Mato ne ya ce, yana kallon gefe, “Alaba Rago dai da nisa. Rabonmu da Saratu tun Babbar Salla.”

Ranar Lahadi da hantsi na fito na tarar ya goge motar tana ƙyalli. Ya murɗa makulli sau ɗaya ta kama, babu tsakuwa babu gwangwani. Adama ta fito da sabon mayafi da ƙullin tsaraba, matan layi sun yi cirko-cirko a ƙofofinsu. Wata ta ce, “Adama, da ranki da lafiyarki za ki shiga motar nan?”

Ta buɗe ƙofar gaba, ta tattare zanenta ta hau, ta zauna daidai kan injin da ya wanke mijinta.

“Shekara takwas ina raɓa ta da kwando a ka,” ta ce. “Ko ba jima ko ba daɗe ta baya za a sa ni. Bari in ɗana gaban tukuna. Malam, mu je.”